Yadda Ake Binciken Masu Ba da Tallafi ga Ƙungiyoyin Ƙasa da Ƙasa: Jagora ga 'Yan Sa Kai

Tun ranar da na ambata a wani zama da ɗalibai a Samaru cewa ina taya wasu ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa binciken masu ba da tallafi daga ɗakina, ba tare da na taka ƙafa zuwa Abuja ba, tambayoyi ba su yanke ba. Ta baya-bayan nan ita ce ta wata ɗaliba da ta tare ni a bakin ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, waya a hannu, ta ce: “Malam, sun ɗauke ni aikin, sun ba ni mako huɗu in kawo musu sunayen waɗanda za su iya ba su kuɗi, ni kuwa ban san ta inda zan kama ba.” Abin da na zayyana mata a tsaye a ranar shi ne na zauna na tsara a nan, mataki bayan mataki, tare da kurakuran da ni kaina na tafka kafin in gane kan aikin.

1. Samun aikin da sanin sharuɗɗansa

Hanyar da ta fi aminci ita ce ta shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fi sani da UNV, mai hedkwata a birnin Bonn na ƙasar Jamus. Kana buɗe asusu a shafinsu, ka cike bayanan karatunka da harsunan da kake ji, sannan ka tace ayyukan da aka tallata ka ware waɗanda ake yi ta intanet. Sharaɗin shekaru 18 ne, aikin ba ya wuce awa 20 a mako na tsawon mako 12, babu albashi, amma idan ka kammala ana ba ka takardar shaida. Akwai kuma ƙungiyoyin da ke tallata irin wannan aiki a shafukansu ko a LinkedIn.

Gargaɗi: babu wata ƙungiya ta gaskiya da ke karɓar kuɗin fam ko kuɗin rajista daga ɗan sa kai. Duk saƙon da ya zo maka ta WhatsApp da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya yana neman ka tura wani abu kafin a tabbatar maka da gurbi, na 'yan damfara ne, ka goge shi.

2. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Waya tana isa a yi karatu da amsa imel, amma ba ta isa a cike jadawali mai ginshiƙi goma sha biyar ba, don haka kwamfuta wajibi ce, ko da ta aro ce ko ta shagon intanet. Kana buƙatar Excel ko Google Sheets, da adireshin imel mai ɗauke da sunanka na ainihi, da littafin rubutu na hannu. Kuɗin da za ka kashe kusan duka na data ne da caji. Rahotannin shekara na manyan gidauniyoyi suna da nauyi saboda hotuna, shi ya sa nake sauke su da dare lokacin da data ke araha, in karanta su washegari ko da an ɗauke wuta. Wanda ke da damar amfani da intanet na makaranta a harabar jami'ar ta Samaru ko ta Kongo, ya tara saukarwarsa ta rana guda.

Gargaɗi: akwai rumbunan bayanai na biyan kuɗi, irin su na ƙungiyar Candid da ɓangaren biya na Devex da na fundsforNGOs, kuma da dala ake biya. Kada ka saya da kuɗin aljihunka. Ka tambayi ƙungiyar ko tana da asusu. Idan ba ta da shi, hanyoyin kyauta da zan lissafa a ƙasa sun wadatar.

3. Ka san ƙungiyar kafin ka nema mata

Wannan shi ne matakin da ɗoki ke sa a tsallake. A aikina na farko, da aka ce mini ƙungiyar tana aikin noma, ban ƙara tambayar komai ba, na shafe mako biyu ina tara sunaye har tamanin da 'yan kai, na aika ina jiran yabo. Jami'ar da ke kula da ni ta mayar mini da amsa cikin ladabi cewa kusan rabinsu ba sa ba ƙungiyar da ba ta da rajista a ƙasarsu, wasu shida sun riga sun zama masu tallafa musu, sauran kuma ba ta ga dalilin da ya sa na saka su ba. Mako biyu suka tafi a banza saboda tambayoyin da ba su fi minti ashirin ba.

Saboda haka, kafin ka buɗe ko shafi ɗaya, ka nemi amsar waɗannan a rubuce. Wane aiki ne takamaimai ake nema wa kuɗi, kuma a waɗanne jihohi ko ƙasashe? Nawa ake buƙata, na shekara nawa? A wace ƙasa ƙungiyar take da rajista, kuma wane iri ce: hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ko ƙungiya mai zaman kanta ta waje, ko ta gida mai haɗin gwiwa da ta waje? Nawa ne kasafin kuɗinta na shekara? Su wa ke ba ta kuɗi yanzu, su wa suka taɓa ba ta suka daina, su wa suka ƙi? Akwai nau'in kamfani ko gwamnati da ba ta karɓar kuɗinsu? A ƙarshe, sunaye nawa ake so, kuma a wane tsari?

Tambayar kasafin kuɗi tana da muhimmanci fiye da yadda take kama. Mai bayarwa ba ya son ya danƙa wa ƙungiya abin da ya ninka duk abin da ta taɓa riƙewa, haka kuma babbar ƙungiya ba za ta ɓata ranakun ma'aikatanta a kan tallafin da bai kai albashinsu na wata ba.

Domin misalin da zan riƙa komawa gare shi, a ɗauka ƙungiyar tana son koya wa ƙananan manoma a Giwa da Soba da Makarfi hanyoyin adana masara da wake don rage asarar bayan girbi, tana neman tallafin shekara biyu.

4. Shirya jadawali tun ba ka fara ba

Ka buɗe jadawali ka yi wa ginshiƙansa suna kamar haka: sunan mai bayarwa, irinsa, wato gwamnati ko gidauniya ko kamfani ko bankin raya ƙasa, ƙasarsa, fannonin da ya ce yana tallafawa, ƙasashen da yake aiki, misalin tallafi na baya-bayan nan tare da sunan wanda aka ba da adadi da shekara, mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ya saba bayarwa, yadda ake nema, sharuɗɗan cancanta, wa'adi, wanda ƙungiyar ta sani a wajensa, adireshin shafin da ka samo bayanin, ranar da ka duba, maki, sai sharhinka.

Gargaɗi: ginshiƙan nan biyu, na adireshin shafi da na ranar dubawa, ka cike su a lokacin da kake kan shafin. Wanda ya ce zai dawo ya cike daga baya ba ya dawowa, kuma bayanin da ba a san tushensa ba babu jami'in da zai dogara da shi. Haka nan ka bar kowane adadi a kuɗin da aka ba da shi, dala ko fam ko yuro. Idan ka mayar naira, canjin wata guda zai mayar da lissafinka ƙarya.

5. Bin sawun kuɗin da aka riga aka bayar

Nan ne zuciyar aikin take. Kowace gidauniya tana da shafi mai daɗin karatu game da manufofinta, kuma idan ka bi waɗannan kalamai za ka ɗauka kowa na son taimakon manoman Afirka. Abin dogaro shi ne wanda ta ba kuɗi bara da bara waccan, da nawa ta ba shi, da abin da ya yi da su. Gani ya kori ji.

Ka fara da takwarorin ƙungiyar. Ka lissafa ƙungiyoyi biyar zuwa goma masu aiki irin nata a arewacin Najeriya ko a Nijar da Gana, ka sauke rahotanninsu na shekara, ka wuce kai tsaye zuwa shafukan ƙarshe inda ake godiya ga masu tallafi da inda ake bayanin kuɗin shiga. Sunan da ya fito a rahoto uku ko huɗu ya cancanci layi a jadawalinka. Hatta allunan ayyuka da ake kafawa a bakin gonakin gwaji da asibitocin karkara suna da amfani, domin tamburan da ke jere a ƙasansu sunayen masu kuɗin ne; ni ina ɗaukar su hoto duk lokacin da na bi hanyar Shika ko ta Soba.

A nan dole ka bambanta mai kuɗi da mai aiwatarwa. Manoman ƙasar Zazzau sun san sunan Sasakawa tun shekarun 1990, amma ƙungiyar Sasakawa mai aiwatarwa ce, babban mai ɗaukar nauyinta Gidauniyar Nippon ce ta ƙasar Japan. Haka GIZ ta Jamus, yawancin ayyukanta da kuɗin ma'aikatar raya ƙasashe ta gwamnatin Jamus take yin su. Mai aiwatarwa yana iya zama abokin haɗin gwiwa, har ya yanka wa ƙungiyarku wani kaso na aikinsa, don haka kada ka jefar da shi, amma ka rubuta shi a matsayinsa.

Daga nan ka shiga d-portal, wanda ke nuna bayanan da gwamnatoci da ƙungiyoyi ke wallafawa a ƙarƙashin tsarin IATI, wato yarjejeniyar bayyana kuɗin agaji da aka ƙaddamar a Accra a 2008. Ka zaɓi Najeriya a matsayin ƙasar da ke karɓa, ka zaɓi fannin noma, ka taƙaita ga ayyukan da ke gudana. Kowane aiki da ka buɗe zai nuna maka wanda ya ba da kuɗin, wanda ke aiwatarwa, ranar farawa da ta ƙarewa, da adadi. Ka lura sosai da ranar ƙarewa: aikin da ya rage masa wata shida alama ce cewa wataƙila ana shirin zango na gaba, kuma lokacin ne ake neman sababbin abokan aiki.

Gargaɗi: kuɗi ɗaya yakan fito sau biyu ko uku a wannan rumbu, sau ɗaya daga bakin mai bayarwa, sau ɗaya daga bakin wanda ya karɓa. Kada ka haɗa su jimla. Kuma ka raba abin da aka yi alkawari da abin da aka fitar, domin tazarar da ke tsakaninsu takan yi faɗi.

Idan aikin na agajin gaggawa ne, rumbun FTS na OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jinƙai, shi ne wurin dubawa. Ayyukan gwamnatin Birtaniya suna DevTracker. Gidauniyoyin Birtaniya da yawa suna wallafa tallafinsu ɗaya bayan ɗaya a GrantNav na 360Giving, inda rubuta sunan Najeriya kawai zai fito maka da jeri, sannan ka tabbatar da rajistarsu da asusunsu a shafin hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila. Gidauniyoyin Gates da Ford da MacArthur kowacce tana da rumbun tallafinta a shafinta.

Gidauniyoyin Amurka suna da wata taska da 'yan sa kai da yawa ba su sani ba. Doka ta wajabta wa kowace gidauniya mai zaman kanta a can ta cike fam na haraji mai suna 990-PF duk shekara, kuma fam ɗin a buɗe yake ga kowa. Ana samun sa kyauta a Nonprofit Explorer na ProPublica. Kada yawan shafukansa ya razana ka, abu uku kake nema. Na farko yana saman shafin farko: darajar dukiyar gidauniyar. Da yake doka ta ce ta raba kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyarta a shekara, gidauniya mai dala miliyan 20 za ta fitar da kusan miliyan ɗaya, ka ga nan take ka san girman tukunyar. Na biyu yana kusa da ƙarshe: jerin duk waɗanda aka ba tallafi a shekarar, da adireshinsu da manufar tallafin da adadinsa. Ka bi jerin da yatsa ka ƙirga nawa ne suka tafi Afirka, kuma ko kai tsaye aka ba ƙungiyoyin waje ko ta hannun wata ƙungiya mai rajista a Amurka. Na uku ɗan ƙaramin akwati ne a saman wannan jeri, wanda idan an yi masa alama yana nufin gidauniyar tana ba waɗanda ta zaɓa da kanta ne kawai, ba ta karɓar takardar wanda ba ta gayyata ba. Ɗan akwatin nan ya sha ceton ni daga wahalar kwanaki. Sai dai fam ɗin yakan makara da shekara ɗaya ko biyu kafin ya fito, don haka ka rubuta shekarar da ya shafa.

Kada ido ya tafi ƙetare ka manta gida da gabas. Gidauniyar TY Danjuma a Abuja tana ba ƙungiyoyi tallafi a fannin lafiya da ilimi. Akwai Gidauniyar Aliko Dangote, akwai kuma ASR Africa ta Abdul Samad Rabiu, wadda ta ba Jami'ar Ahmadu Bello naira biliyan ɗaya a 2021. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi mai hedkwata a Jidda, da IFAD, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Roma, suna zuba kuɗi sosai a noma, amma galibi ta hannun gwamnatoci, saboda haka ƙofar ƙungiya a wajensu ita ce shiga cikin aikin da jiha ko tarayya ke gudanarwa. Ofisoshin jakadancin Japan da Kanada suna da ƙananan tallafi na ayyukan al'umma, waɗanda suka fi dacewa da ƙungiyoyin gida. Gidauniyar Tony Elumelu kuwa, wadda kusan kowane sabon mai bincike ke sakawa a jerinsa, shirinta da aka sani na ba ɗaiɗaikun masu sana'a jarin dala 5,000 ne, don haka ba ta shiga jerin misalinmu.

Gargaɗi game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira: suna iya tuna maka da sunan da ka manta, amma suna kuma ƙirƙiro gidauniyar da babu ita da wa'adin da ba a taɓa sanarwa ba. Duk abin da ba ka gani da idonka a shafin mai bayarwa ko a takardar hukuma ba, kada ya shiga jadawali.

6. Tankaɗe da rairaya

A ƙarshen mataki na biyar za ka iya samun sunaye hamsin ko sittin. Yanzu sai rage su. Ina auna kowane suna da ma'auni uku, ina ba kowanne maki daga sifili zuwa uku. Na farko hali: shin abin da ya saba bayarwa ya yi daidai da abin da ake nema? Na biyu ra'ayi: ya ba irin wannan aiki, a irin wannan yanki, cikin shekaru uku da suka wuce? Na uku ƙofa: yana da sanarwar neman takardu a buɗe, ko akwai wani a ƙungiyar ko a kwamitin amintattunta da ya san wani a can, ko wani abokin aikinku da suke tallafawa zai iya gabatar da ku? Sunan da ya ci sifili a ɗaya daga cikin ukun ya sauka zuwa shafi na biyu, komai girmansa. Gidauniyar Gates misali ce mai kyau: tana da hali, tana da ra'ayin noma a Najeriya, har ofis gare ta a Abuja, amma yawancin tallafinta ita ke nemo wanda za ta ba, don haka idan babu ƙofa, makinta a ma'auni na uku ƙasa yake, kuma gaskiyar da ya kamata ka rubuta ke nan.

Sai ka karanta sharuɗɗan cancanta kalma bayan kalma. Wasu ƙungiyoyin gida kaɗai suke ba, wasu sai mai rajista a ƙasarsu, wasu suna neman rahoton binciken asusu na shekara biyu ko uku, wasu suna son ƙungiya ta kawo wani kaso daga aljihunta, wasu ba sa biyan albashi ko gini.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki shi ne tsohon labari, domin fagen tallafi ya juya sosai a 'yan shekarun nan. Hukumar DFID, mai kula da agajin ƙetare na Birtaniya, an haɗe ta da ma'aikatar harkokin waje a 2020 ta zama FCDO, kuma a Fabrairun 2025 gwamnatin ƙasar ta sanar da rage kuɗin agaji daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da agajin ƙetare, zuwa Yulin shekarar kuma USAID ta daina gudanar da ayyuka, abin da ya rage ya koma ma'aikatar harkokin wajenta. Babban shirin MacArthur na yaƙi da cin hanci a Najeriya ya kammala a 2024. Jerin da aka kwafo daga rubutun shekarun baya zai cika da ƙofofin da aka riga aka toshe da bulo. Kowane suna ka nemi tsarin manufofinsa na yanzu da sanarwarsa ta ƙarshe.

Abin da ya kamata ya rage a hannunka shi ne sunaye goma zuwa goma sha biyar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

7. Binciken mutuncin mai bayarwa

Ba kowane kuɗi ƙungiya ke iya karɓa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, alal misali, ba ta hulɗa da kamfanonin taba ko na makamai, kuma ƙungiyoyi da dama suna da irin wannan ƙa'ida. Ga kamfanoni da attajirai musamman, ka duba sunansu a jerin takunkumi na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya da na ofishin OFAC na baitulmalin Amurka, sannan ka bincika jaridu ko akwai shari'a ko zargin almundahana ko gurɓata muhalli. Abin da ka samu ka rubuta shi yadda yake tare da tushensa, ka bambanta zargi da hukuncin kotu, ka bar yanke shawara ga shugabannin ƙungiyar.

Gargaɗi: idan binciken ya shafi mutum ɗaya, ka tsaya ga abin da ke fili game da aikinsa da kyautarsa. Lambar wayarsa ta gida da labarin iyalinsa da lafiyarsa ba su da gurbi a jadawali. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 da takwararta ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 suna iya jawo wa ƙungiyar hukunci saboda sakacin ɗan sa kai.

8. Wa'adi da takardun da ake buƙata tun da wuri

Ga kowane suna da ya tsira, ka rubuta wa'adinsa da rajistar da ake buƙata kafin a nema. Tallafin gwamnatin Amurka yana buƙatar lambar shaida daga SAM.gov, na Tarayyar Turai yakan buƙaci rajista a PADOR, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF da WFP da UNHCR suna amfani da UN Partner Portal. Idan akwai abokiyar aiki ta gida, za a tambayi takardar rajistarta ta CAC da shaidar SCUML, wato sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, da lambar haraji. Wasu daga cikin waɗannan suna cin makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Gargaɗi: Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, saboda haka 03/04 a wajensu huɗu ga Maris ne, ba uku ga Afrilu ba. Ka rubuta sunan watan da haruffa a jadawalinka. Ka kuma mayar da sa'ar rufewa zuwa agogon Najeriya: Brussels da Geneva suna daidai da mu a lokacin sanyinsu, suna gaba da mu da awa ɗaya a lokacin zafinsu, New York tana bayanmu da awa shida ko biyar, Nairobi tana gaba da awa biyu.

9. Rubuta rahoto da miƙa aiki

Jami'in da zai karanta aikinka ba shi da lokaci, don haka ka sa shafi ɗaya a gaba mai ɗauke da sunaye biyar da suka fi cancanta, kowanne da dalilinsa da matakin da ya kamata a ɗauka. Sharhi mai amfani yana kama da haka: ta ba ƙungiyoyi biyu tallafin adana hatsi a Afirka ta Yamma cikin shekaru uku da suka wuce, adadin ya yi kusa da abin da muke nema, ba ta karɓar takarda sai da gayyata, amma ɗaya daga cikin waɗanda ta ba abokin aikinmu ne a Kaduna, don haka a fara neman gabatarwa ta hannunsa. Bayan wannan shafi sai jadawalin sunayen da suka tsira, sannan shafin waɗanda ka cire tare da dalilin cire kowanne, domin kada wanda zai gaje ka ya sake bin hanyar da ka riga ka gano ba ta ɓullewa. Inda ba ka samu bayani ba, ka rubuta “ba a samu ba”, kada ka cike gurbin da hasashe.

Ina ba da shawara ka aika layi biyar na farko tun a makon farko, ka tambaya ko haka ake so, kafin ka zurfafa.

Gargaɗi na ƙarshe, wanda karya shi kan jawo a sallami mutum: kada ka tuntuɓi mai bayarwa da sunan ƙungiyar, ko ta imel ko ta LinkedIn, sai da izini a rubuce. Mai yiwuwa shugabanninta sun shafe wata shida suna lallaɓa wannan alaƙa, saƙo ɗaya daga wanda ba a sani ba ya dagula ta. Haka kuma jerin masu tallafin ƙungiyar da kasafinta da aka ba ka amana ne, ba a tura su ga aboki mai tasa ƙungiyar a Tudun Wada ko Sabon Gari, ko da kuwa ya ce dubawa kawai zai yi.

Idan an karɓi aikin, ka nemi jami'in ya cike bayanin kammalawa a shafin UNV domin takardar shaidarka ta fito, ka tambaye shi ko ya yarda ka ambaci sunansa a matsayin mai ba da shaida a takardar neman aiki, sannan ka goge takardun ƙungiyar daga kwamfutarka, musamman idan ta aro ce ko ta shago. Kwarangwal ɗin jadawalin, ba tare da bayanansu ba, naka ne, ka ajiye shi don aiki na gaba.